Mushe Lawali da gishirin jar wuta

Bana shekara tara ke nan da muka kai yayana Lawali makwancinsa, a bayan ɗan ƙauyenmu da ke wajen Yekuwa. Ni ba marubuci ba ne. Mai gyaran rediyo da tele ne a Magarya, gyaran ma yanzu sunansa ya fi aikinsa yawa. Amma duk shekara in damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, sai in ji jikina ya mutu, in yi ta ajiye abu ina manta inda na sa shi. Matata ta riga ni gane dalili. Ita ce bana ta ce in zauna in rubuta, ko Allah ya sa in ji sauƙi. Ban san ko zan ji ba, amma ga shi na zauna.

Waɗanda suka yi kwaleji a yankin Dungas a waɗancan shekarun sun san shi da Mushe Lawali, yadda ake cewa Malam da Faransanci, malamin fizik da shimi, wato ilimin sinadarai. Dogo ne siriri, mai tafiya kamar ana jiransa a wani wuri, kullum da farin alli a gefen rigarsa. Gidanmu gidan noma da kiwo ne. Da aka zo rubuta yara lakwal, makarantar boko, shi babanmu ya miƙa, ba don ya hango masa wani abu ba, sai don a cikinmu shi ne bai iya kiwo ba. A tura shi da shanu, sai a same shi tsugune a bakin rijiya yana kallon yadda ruwa ke nitsewa cikin rairayi, shanun kuwa suna can cikin waken mutane. Ni na bi sawunsa daga baya, jarabawar ƙarshen kwaleji ta ƙi ni, na koma koyon gyara. Shi ya wuce Damagaram, ya wuce Yamai, ya fito da takardar koyarwa, aka yi ta yawo da shi gari-gari kafin a maido shi wani kwalejin karkara kusa da gida.

Cikin kayan da ya dawo da su daga Yamai akwai wata ƴar kwalba, ba ta fi ta maganin tari ba, da ɗan farin gari kaɗan a gindinta kamar gishirin miya. Wani malaminsu ne ya ba shi lokacin da ake share ɗakin gwaje-gwaje, wanda suke kira labo. Gishirin sitronsiyom ne. Na daɗe kafin bakina ya saba da sunan. Inna, mahaifiyarmu, ko gwadawa ba ta yi ba. Gishirin Lawali take ce masa, kuma ta kafa doka kada a kuskura a ajiye shi kusa da madafa.

Duk abin da na sani game da sitronsiyom daga bakinsa na ji, a-kai-a-kai, yawanci muna cin abinci. Ya ce ƙarfe ne, amma ba irin na garma ba. Laushi gare shi har wuƙa tana yanka shi. In an yanke fari ne kamar azurfa, sai dai kafin ka gama kallo iska ta fara mayar da shi rawaya. In ya faɗa ruwa sai ya hau tsuwa yana kumfa, shi ya sa masu ajiye shi suke nutsar da shi cikin mai. Ba a tsintarsa tsantsa a ƙasa, kullum a haɗe yake da wani abu cikin dutse. Sunansa kuma daga wani ɗan ƙauyen masu haƙar ma'adinai ya samo shi, can ƙasar Sikotland. Wannan ya fi komai yi masa daɗi. Yakan ce ƙauyen wataƙila bai fi namu girma ba, amma duk ɗan lakwal da ya yi shimi a duniya sai ya kira sunansa. Na taɓa tambayarsa ko shi ya taɓa yanka ƙarfen. Ya yi dariya ya ce ko ganinsa bai taɓa yi ba, gishirinsa kaɗai ya taɓa riƙewa. Ya shafe fiye da shekara ashirin yana kwatanta wa yara abin da shi ma kwatanta masa aka yi.

Kwalejin nasu ba shi da labo. Ba famfo, ba kuran, wato wutar lantarki, rabin azuzuwan ma na zana ne, duk shekara sai iyaye sun sake kafawa. Shimi a allo ake yin ta, a rubuta a goge. Amma sau ɗaya a shekara, wajen ƙarshen zango, Yaya yana buɗe kwalbarsa don manyan aji, masu shirin jarabawa. Na taɓa zuwa na gani, shekarar da na kai masa wayar jan ƙarfe da ya ce in cire masa daga wata rediyo da ta ƙone. Ya sa aka toshe tagogi da tabarmi da zannuwan ƴan mata, ajin ya yi duhu da rana tsaka, zafi kamar a gidan burodi. Ya jera marafan gwangwani uku a kan tebur, ya ɗiga musu alkol, ruwan nan mai kama wuta, da ya sayo a farmasi. A na farko ya barbaɗa gishirin miya, ya ƙyasta ashana, wuta ta tashi rawaya. A na biyu ya sa wayata, harshen ya ɗauko kore. Yara suka fara gunaguni suna turereniya. Sai ya ɗebo gishirinsa da bakin wuƙa, ɗan kaɗan, bai fi ƙwayar gero biyu ba, ya zuba a na uku.

Ban taɓa ganin ja irin wannan ba. Ba jan garwashi ba ne, ba na rana in za ta faɗi ba. Kamar zoɓo mai kauri ne in ka ɗaga kwalbarsa kana kallon haske ta ciki, sai dai wannan yana rawa, yana haska fuskoki. Ajin da ake hayaniya ya yi tsit. Yaya ya bari sai da wutar ta mutu da kanta, sannan ya ce kowane sinadari da launinsa a wuta, kamar yadda kowace saniya take da muryarta, mai ita ko a duhu ya ji ya san ta. Ya ce jan da ke fashewa a sama in ana wasan wuta a manyan birane, da wanda matuƙan jirgin ruwa ke harbawa in sun ɓata suna neman ceto, duk wannan gishirin ne. Aka buɗe tagogi, aka koma allo. Ya rufe kwalbar ya ɗaga ta yana duban abin da ya rage.

Kwanan baya na ga ɗan maƙwabcina yana kallon irin wannan wutar a wayar hannu. Ba ja kaɗai ba, launi kala-kala, da kiɗa a bayansu. Bai kai ƙarshe ba ya share da yatsa ya wuce zuwa wasan ƙwallo. Na tsaya ina tunanin me Yaya zai ce. Na san ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ina jin ma murna zai yi, ya ari wayar ya shiga aji da ita. Amma ina jin kuma zai lura da abin da na lura, cewa yaron bai tambayi kowa me ya sa ta yi ja ba. Ko kuwa ni ne tsufa ya sa nake ganin haka. Na san dai akwai manya yanzu, masu iyali, da in suka tsaya a shagona suka gane ni ƙanen Mushe Lawali ne, kafin su gama ta'aziyya sun kawo zancen ranar da aka toshe tagogi.

Ranar kasuwa yakan shigo Magarya a motonsa mai ƙafa biyu, ya zauna a bencina ya sha shayi. Lokacin shagon cike yake da manyan telen nan masu ƙaton baya, waɗanda mutum biyu ke ɗauka. Wata rana ya ƙwanƙwasa gilashin ɗaya da yatsa ya ce:

"Mutari, ka san ka fi ni arzikin sitronsiyom? Ni kwalba ɗaya gare ni, kai kuwa kana kwana a tsakiyarsa."

Na ɗauka wasa yake. Ya ce a'a, gilashin gaban telen da nake kukan nauyinsa, narka shi aka yi da sitronsiyom, don ya tare wani haske mai cutarwa da ke tashi a ciki, kada ya iso jikin masu kallo. Baƙin maganaɗisun da ke bayan lasifika ma sau da yawa da shi ake haɗawa. Haka wasu man goge baki na masu jin tsamin haƙori in sun sha ruwan sanyi, haka abubuwan nan masu haske da kansu a duhu in sun sha rana. Ranar har na ƙi karɓar aiki, ina zaune ina jin sa. Shekaru ina cusa hannu cikin abu ban san me ke tsare da ni ba. Ya tafi da maganaɗisu cike da leda, ya ce na darasi ne.

Waɗannan telen sun mutu, da su da sana'ata. Yanzu falle-fallen nan ake yayi, marasa nauyi, ba su buƙatar wancan gilashin, in sun lalace kuma ba gyara sai dai a canza allon ciki, in an samu. Tsofaffin suna jibge a bayan shagona. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun kwashe wayoyin, gilashin kuwa ba mai so. Nakan ce zan sa a kwashe, in kasa.

An taɓa yi masa alkawarin labo. Ba zan faɗi waɗanda suka yi ba, don wasu sun mutu, wasu kuma ina jin da gaske suka yi niyya. An zo da kujeru da rumfa, an yi jawabi, an haƙa tushe, bulo ya tashi har ƙugu. Yaya ya riƙa shiga cikin kangon da yamma yana auna taku. Ya taɓa jan hannuna ya nuna mini inda famfo zai zauna, da inda za a sa kabad mai makulli, da tagar da za a yi babba saboda hayaƙi. Sai aikin ya tsaya. Aka ce bayan damina, aka ce bayan girbi, aka ce an canza wanda ke sa hannu. Da farko yana bin zancen har Damagaram, daga baya ya daina. Bai taɓa zagin kowa a gabana ba, sai dai na lura ya canza hanya, ba ya bi ta gefen ginin. Na wuce ta wurin bara. Bulon yana nan a ƙugu, tumfafiya ta fito a tsakiya, awaki suna shan inuwa.

Ciwon da baya ya fara. Muka ce moto ne, da hanyar rairayin nan da ke jijjiga mutum. Sai fitsari ya fara ba shi wahala, ya ɓoye, kamar yadda maza ke yi. Matarsa Rakiya ce ta kira ni ta ce in zo in ga yayana, ya daina iya ruku'u. Muka fara da asibitin kusa, aka tura mu Damagaram, daga can muka tsallaka iyaka zuwa Kano. Wanda bai yi jinya a hanya ba ba zai gane ba. Jiran mota, jiran layi, jiran sakamako, kwana a kan tabarma a barandar da ba taka ba, da ɗaga mutum mai tsawo irin nasa a shigar da shi mota alhali duk inda ka taɓa ciwo ne. Ba wanda ya wulaƙanta mu. Kowa ya yi abin da zai iya, abin da za a iya ɗin ne ba shi da yawa.

A Kano wani likita matashi, mai haƙuri, ya ɗaga hoton ƙashin ya yi mana bayani. Ciwon daji ne, ya faro daga wajen mafitsara ya bazu cikin ƙashin baya da na ƙugu. Ni kaina ya ɗaure. Yaya kuwa ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi, da muryar da yake yi wa ɗalibai tambaya, ko ana samun allurar sitronsiyom a nan. Likitan ya ajiye bironsa ya dube shi, ya tambayi aikinsa. Da ya ji, sai ya gyara zama. Ya ce ya karanta ta, amma bai taɓa ganin an yi wa wani ba. A saninsa sai a ƙasashen waje. Kuma ba abin da za a aiko a ajiye a kabad ba ne, ƙarfinta raguwa yake yi kullum, dole mara lafiya ya je inda take.

A motar dawowa na matsa masa ya gaya mini wace allura ce wannan. Yana kwance a kan cinyata, yana magana a hankali tsakanin ramukan hanya. Ya ce sitronsiyom ɗan'uwan kalsiyom ne, sinadarin da ke cikin nono, wanda ke gina ƙashi. Kamarsu ta yi yawa har jiki ba ya rarrabe su sosai. Ƙashi yana karɓarsa kamar yadda saniya ke karɓar maraƙin da ba nata ba in an shafa masa warin nata. Akwai wani mugun irinsa da ke fitowa daga bam ɗin nukiliya, ya sauka a ciyawa, shanu su ci, ya bi nono ya shiga ƙashin yara ya zauna yana cuta. To, masana sai suka ce tun da ya san hanyar ƙashi da kansa, bari a aike shi. Suka sami wani irinsa mai ƙarfi na ɗan lokaci, in an yi allurarsa sai ya tafi ya taru daidai inda ciwon ke cin ƙashi, ya kashe zafin. Ya ce duk shekara yana faɗa wa ɗalibai wannan a ƙarshen darasi, a matsayin labari mai daɗi. 

Da muka dawo na ƙudurta a raina sai an kai shi. Babanmu ya rasu ya bar mana garke, ba a raba ba, yana hannun ƙanenmu a ƙauye. Tafiye-tafiyen jinya sun riga sun ci ƴan bijimai. Na je na sami dillali, na fara tambayar yadda ake fita waje da mara lafiya. Ban gaya wa Yaya ba, amma a ƙauye ba a ɓoye zancen shanu. Ya aiko a kira ni. Na same shi a kan tabarma a gindin itacen bedi da ke gidansa, an tokare shi da matasai, Inna tana gefe tana jan carbi.

"Mutari," ya ce, "allurar nan ba warkarwa take ba. Zafi take ragewa, na ƴan watanni. In kun kaɗa garken nan kasuwa don in samu barci, Inna da yaran nan su sha me bayana?"

Na ce shanu ana sake tarawa, mutum ba a sake shi. Na faɗi maganganu da yawa, wasu da ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Daga ƙarshe na ce, "Yaya, ni nake jin ka in ciwon ya tashi."

Ya ce, "Na sani. Ka yi haƙuri da jin."

Na dubi Inna ko za ta sa baki. Ba ta ɗago ba, carbin ne kawai ya tsaya a hannunta. Na tashi na tafi ban yi sallama ba. Har yau ban yanke wa kaina hukunci a kan wanda ya fi gaskiya ba. Wasu ranaku nakan ga shi ne, musamman in na je ƙauye na ga maruƙa. Wasu ranakun kuma muryarsa ce ke dawo mini, lokacin da maganin da muke da shi ya daina kama shi, in ce da an sayar da komai.

A cikin bazarar ƙarshe, ana dab da jarabawa, ya ce a kai shi aji. An riga an ba wani malamin darasinsa, amma direkta bai hana ba. Muka ɗauke shi a amalanke, muka shigar da shi a kan kujera. Aka toshe tagogi kamar kullum. Babbar ƴarsa Hadiza, wadda take cikin ajin a shekarar, ita ta riƙe masa marfin gwangwanin. Abin da ya rage a kwalbar ya sha danshin damuna da yawa, ya dunƙule ya manne a gindi. Ya daɗe yana kankara da bakin wuƙa. Aka yi rawaya, aka yi kore. Da aka zo na uku, wutar ta tashi kusan shuɗiya, jan ya ɗan leƙo a gefe ɗaya, ya lumshe, ya sake leƙowa, shi ke nan. Na gaba sun gani. Daga can baya wata yarinya ta ce ita ba ta ga komai ba, ko za a sake.

Ya kifa kwalbar a tafin hannunsa ya bubbuga. Ya ce, "Ku yi haƙuri, ya ƙare." Sannan ya ce waɗanda suka gani su gaya wa waɗanda ba su gani ba, a buɗe tagogi. Ya yi sauran darasin a zaune, yana faɗa Hadiza tana rubutawa a allo, har aka buga ƙarfen tashi.

Da ruwan farko ya sauka ya ce a maida shi ƙauye. Hanyar ba ta mota ba ce, a amalanken shanu muka tafi, a hankali, muna tsayawa in ya ɗaga hannu. Da muka isa bakin rijiyarmu ya ce a ja masa guga. Ya kurɓa kaɗan, ya ce wa Inna ruwan nan yana cikin haƙoransa tun yana yaro. Ta ce ya bar wasa. Ya ce ba wasa ba ne. Kowace ƙasa da irin sitronsiyom ɗin da ke cikinta, yana shiga ruwa da hatsi da nono, in haƙorin yaro yana tsirowa sai ya ɗauka ya riƙe har abada. Ya ce masana sukan tono haƙorin mutumin da ya mutu tun zamanin da ba a sani ba, su auna, su gane yankin da ya girma, ko da can nesa aka binne shi. Inna ta ce to ai ita ba ta buƙatar awo, ta san inda ta shayar da shi. Ya yi dariya har ciwon ya tsayar da shi. Ita ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji.

Ya rasu da hantsi, mutane suna gona ana noma. Sai da aka bi su ɗaya-ɗaya aka kira su, suka zo da laka a ƙafa. Ɗalibansa kaɗan ne suka samu labari a kan lokaci, ana hutu, kowa yana ƙauyensu.

Nakan tambayi kaina me zai gani in ya leƙo yau. Zai ga sola a kan rufin gidajen da bai taɓa zaton za su ga kuran ba. Zai ga ƴan kabu-kabu sun cika tasha, da yawansu ɗalibansa ne, wasu ma masu ƙoƙari ne sosai a lokacinsu. Zai ga yara sun ƙaru a azuzuwa, malamai ƴan kwantaragi suna zuwa suna tafiya, zana tana nan, allo yana nan. Ina jin zai yi abin da ya saba, ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga, ya tambayi inda aka tsaya a darasi. Ni dai na gaji da fatan abubuwa za su canza da sauri. Shi ban taɓa gane ko bai gaji ba ne, ko kuwa ya gaji ya ci gaba.

In aka ce in faɗi abin da ya rage nasa, ba ni da abin nunawa da yawa. Ba gini, ba suna a bango. Garken da ya hana a sayar yana nan. Nononsa Inna ta sha har Allah ya karɓi ranta, kuma daga cikinsa aka riƙa cirewa ana kai Hadiza karatu har ta gama a Damagaram. Na so ta yi aikin farmasi, ta zauna a inuwa. Ban san koyarwa ta nema ba sai da takardar turawa ta fito: fizik da shimi, wani kwaleji a can cikin ƙauyukan Mallawa.

Ni na kai ta a moto bayan girbin bara, da katifarta ɗaure a baya. Muka yi ta faɗuwa cikin rairayi muna turawa. Da muka isa na ga abin da na san zan gani: azuzuwan zana, allon da aka jingina da icce, yara zaune a kan bulo da buhuna.  Ban kwance kayan ba. Na ce mata ta hau mu koma, na san mai farmasi a Magarya, zan yi masa magana. Na ce ta ga yadda aikin nan ya yi da babanta, ta fi kowa gani.

Ta bari na gama. Ta ce, "Baffa, na gani. Amma direkta ya ce tun bara ba su da malamin shimi, kuma manyan aji bana za su yi jarabawa." Ta dubi rumfar, ta dube ni. "Ka sauke mini katifar."

Na kwance igiyar na sauke mata. Ba ta ko wanke ƙurar hanya ba aka shigar da ita aji don yara su san ta. Na tsaya a gefen moto ina jin muryarta ta cikin zana, tana tambayar su sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tana maimaitawa don ta riƙe. Ban san ko murna ya kamata in yi ba. Na daɗe a tsaye kafin in tada moto.

Allah ya jiƙan Yaya Lawali, ya sa ƙasusuwansa sun huta. Ita kuma Allah ya ba ta abin da shi bai samu ba. In kuwa ba rabo, ya ba ta lafiyar da za ta jure.